Sarkin Yaƙi Da Farabiti

Ga laccar da aka yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a Karaye a makon tunawa da 'yan mazan jiya. Mutanen Rogo da na ƙauyukan kewaye sun halarta da yawa. Mun buga ta kamar yadda aka faɗe ta.

Iyayenmu maza da iyayenmu mata, 'yan'uwa talakawa, mun gode muku da kuka bar rumfunanku a hannun yara kuka zo. Ba za mu tsare ku har la'asar ta wuce ba.

Ko wace shekara, ran 15 ga Janairu, Gwamnati ta kan yi bikin tunawa da sojojin da suka mutu. Da can ran 11 ga Nuwamba a ke yi, yadda Turawan Ingila suka bar mana, daga baya aka mai da shi ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Kun sha ganin yadda a ke yinsa. A busa begila, a buga bindiga, manya su fito ɗaya bayan ɗaya su ajiye furanni gaban gunkin soja, sa'an nan a buɗe keji a saki fararen tattabaru. Kafin azahar kowa ya shige motarsa. Mu a nan ba mu da begila, ba mu da tattabarun saki. Abin da mu ke da shi baki ne da tuni, su za mu yi aiki da su yau, mu ambaci wani saurayi da ya mutu a bakin daga.

Sunansa Laftanar-Kanar Muhammadu Abu Ali. An haife shi ran 15 ga Agusta 1980, aka kashe shi ran 4 ga Nuwamba 2016 a Malam Fatori, can ƙurewar ƙasar Barno, a kan iyakarmu da Nijar. Ku lissafa, shekararsa 36 ke nan. A garin nan mai shekara 36 ba ya ko buɗe baki in dattawa suna magana a zaure. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya 3.

Ya shiga makarantar horon hafsoshi ta Kaduna a 1998, ya fito a 2003, aka sa shi cikin rundunar tankokin yaƙi. Ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya da Darfur. Amma abin da ya sa sunansa ya shiga bakin mutane shi ne yaƙin Barno.

To, kafin mu ci gaba, akwai magana ɗaya da ya kamata ta fito daga bakinmu, domin an san mu da sukar 'ya'yan manya. Wannan yaro ɗan babban gida ne. Mahaifinsa Birgediya ne, ya yi Gwamnan soja a Jihar Bauci daga 1990 zuwa 1992, kuma shi ke riƙe da sarautar Etsu ta Bassa-Nge a Jihar Kogi sa'ad da aka kawo masa labarin rasuwar ɗansa. Watau ɗan Gwamna ne, ɗan Sarki ne. Kun san yadda irin waɗannan yara su ke yi a ƙasar nan. Takarda guda daga uba ta isa a ajiye yaro a ofis mai sanyi a Abuja, yana sa hannu a kan kwangila har ya yi tumbi. Wannan bai ɓuya a cikin rigar ubansa ba. Ya shiga tanka, ya kwana a rami ɗaya da 'ya'yan talakawa, har sojojinsa suka laƙaba masa Sarkin Yaƙi, sarautar da ba wanda ya naɗa masa rawaninta. Tun zamanin Malam Aminu Kano, tun da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ba a taɓa koya mana mu ƙi mutum don gidan da ya fito ba. Zalunci aka ce mu ƙi. Ɗan sarkin da ya yi aikin gaskiya, mu ne na farko da za mu tsaya mu ce ya yi.

Wani zai ce, ina ruwan mai tebur a Karaye da abin da ya faru a bakin tafkin Cadi? Ku tambayi masu sayar da banda. Kifin da a ke kawowa cikin kwali daga Baga, shi a ke karyawa a miyar gidajenmu tun muna yara. Ran 3 ga Janairu 2015 'yan Boko Haram suka afka wa Baga, suka kori sojojin da ke barikin, suka yi kwanaki suna kisa da ƙone-ƙone. Gwamnatin lokacin ta ce mutum 150 suka mutu, waɗansu kuwa suka ce abin ya kai wajen 2,000. Masunta suka watse, waɗansu suka faɗa tafki, hanyar kifi ta mutu. Kuma wutar ba a Barno kaɗai ta tsaya ba. Ran 28 ga Nuwamba 2014 aka kashe masallata fiye da 100 a babban masallacin Juma'a na birnin Kano. Ba a yi mako biyu ba, ran 10 ga Disamba, bam ya tashi a Kantin Kwari, inda da yawanku ku ke saro atamfa da shadda. Wane ne a cikinku bai tuna yadda ya riƙa shiga mota zuwa birni yana karanta duk addu'ar da ya iya ba?

A cikin wannan hali ne, a watan Fabrairu 2015, sojoji suka juya. An ɗage zaɓe da mako 6, aka kawo waɗansu tankoki, sojojin Cadi da na Nijar suka matso ta nasu ɓangaren. Abu Ali, yana Manjo a lokacin, yana cikin waɗanda suka ja tankoki a gaba aka ƙwato Monguno, sa'an nan aka ƙwato Baga ran 21 ga wata. Ba mu ce shi kaɗai ya yi ba, ba a cin gari da mutum ɗaya. Amma waɗanda suka bi shi sun shaida a gaba ya ke tafiya. A watan Satumba na shekarar, shugaban sojojin ƙasa, Janar Tukur Buratai, ya tafi har Gamboru ya ɗaura masa muƙamin Laftanar-Kanar tun lokacinsa bai yi ba.

Domin ku san nauyin abin da ya yi, sai kun san irin sojan da a ke da shi a wancan lokaci. A watan Disamba 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa, wai sun ƙi zuwa yaƙi. Abin da yaran suka faɗa shi ne ba a ba su makaman da za su tari abokan gaba ba. Wata 7 bayan haka, babban hafsan tsaron ƙasa da kansa, Alex Badeh, ya tsaya ran sallamarsa ya ce rundunar da ya shugabanta ba ta da kayan aikin da ya kamata. Ashe yaran ba ƙarya suka yi ba! Ƙarshen 2015 kuma aka fara tuhumar waɗansu manya a kan dala biliyan 2.1 da aka ce na sayen makamai ne suka bi ta wata hanya. Aka sassauta wa sojojin hukunci, aka mai da shi ɗaurin shekara 10. Ku duba wannan awo, jama'a, ku da ku ke rayuwa a kan mudu da sikeli. Yaron da ya ce ba harsashi a bindigarsa, cikin 'yan watanni an gama shari'arsa. Shari'ar kuɗin harsashin kuwa aka yi ta ɗage ta shekara da shekaru. Da a kasuwa wani ya yi muku irin wannan awo, da tuni kun kai shi gaban Sarkin Kasuwa.

Daren Juma'a, 4 ga Nuwamba 2016, 'yan Boko Haram suka kawo hari a sansanin soja na Malam Fatori. Aka kore su, amma Abu Ali ya faɗi. Ran Litinin, 7 ga wata, aka binne shi a maƙabartar soja ta Abuja. An ga shugaban sojoji yana share hawaye gaban jama'a, ƙasa duka ta yi juyayi. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

Amma a wannan rana ba shi kaɗai aka sa a ƙasa ba. Akwatuna 7 aka jera. Ban da nasa akwai na saje 3, da na kofur 1, da na sojan ruwa 1, da na farabiti 1, Musulmi da Kirista, ko wanne an lulluɓe shi da tuta iri ɗaya. To, muna tambayarku tsakani da Allah, wa ya riƙe labarin farabitin nan? Wa ya san ko uwarsa tana da rai, ko wa ke ba ta hatsi in damina ta yi nisa? Ba don mu rage wa Kanar ko ƙwayar gero daga girmansa mu ke wannan tambaya ba. Mutumin da ya kwana a rami da yaransa, shi ne zai fi kowa jin zafi in an ɗauke shi an bar su.

Farabiti kuwa kun san shi, domin ɗanku ne. Shi ne yaron da ya gama sakandare a Karaye ko Rogo, ya yi shekara biyu yana tallar rake ko yana acaɓa, gonar gado ta yi wa 'yan'uwa kaɗan. Ran nan ya ji ana ɗiban kurata, uba ya sayar da tunkiya aka yi kuɗin mota da na takardu, aka kai shi Zariya, aka aske masa kai, aka yi masa horo na 'yan watanni, sa'an nan aka sa shi a mota sai Maiduguri. Albashinsa na fari, rabi gida ya ke aikowa. Ba mu taɓa jin ɗan Minista a cikin kuratan Zariya ba.

Wannan kuwa tsohon abu ne a ƙasar nan. Karaye ba baƙuwar yaƙi ba ce. Wajen shekara 400 da suka wuce, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Nazaki, a garin nan Wambai Giwa ya zauna yana tare wa Kano Katsinawa ta yamma. Tarihin Kano ya riƙe sunan Wambai. Dakarun da suka bi shi a ƙasa da kwari da baka, waɗanda kakannin kakanninku ne, ba a rubuta ko ɗaya ba.

Ku zo kusa, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lokacin yaƙin Hitila. Bature ya ce yana son soja. Razdan ya gaya wa Sarki, Sarki ya gaya wa Hakimi, Hakimi ya gaya wa Dagaci, Dagaci ya dubi Mai Unguwa, Mai Unguwa kuma ya dubi gidan da ba shi da mai tsaya masa. Lalle akwai waɗanda suka tafi don kansu, saboda sule guda a yini da kaki da abinci. Amma da masu so da waɗanda aka tura, duk jirgin ruwa ɗaya ya kwashe su daga Ikko, ya kewaya da su har Indiya, daga can sai dajin Bama. Wajen mutum 90,000 aka kai daga Afirka ta Yamma, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya, Hausa kuwa ita ce harshen bariki. Runduna ta 81 ta shiga kwarin Kaladan a 1944, ta 82 ta bi ta Arakan, suka haɗu suka ci Myohaung a watan Janairu 1945. Waɗansu bataliyoyin Nijeriya an sauke su da jirgin sama a bayan Japanawa tare da rundunar da a ke kira Chindit. Da yawa daga cikinsu ma ba faɗa aka ɗauke su yi ba, dako ne. Inda mota ba ta shiga, inda alfadari ya gaza, kan Bahaushe ne ya ɗauki harsashi da abinci da marasa lafiya, cikin ruwan sama da zazzaɓi da atuni.

In kun je Zariya yau za ku ga barikin Chindit, a Ikko akwai barikin Myohaung da na Arakan. An sa wa gine-gine sunan wuraren da suka mutu. Su kansu fa? Waɗanda ba a sami gawarsu ba, sunayensu suna jikin wani dutse a Taukkyan, kusa da birnin Rangun, cikin sunaye wajen 27,000 na mutanen ƙasashe dabam dabam. Wace tsohuwa ce daga ƙasar Karaye ta taɓa zuwa Rangun ta shafa sunan ɗanta? Waɗanda suka komo kuwa, kun ga ƙarshensu da idonku, tsofaffi da lambobi a ƙirji suna gadin ƙofar kanti. Takardun Turawa da aka tono a 2019 sun nuna a rundunonin Gabashin Afirka farabiti Bature sule 10 a ke ba shi na sallama a kan ko wane wata da ya yi, baƙin mutum kuwa sule 3 da sisi. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojan Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na fari, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko ina ba. Ministan tsaron Ingila ya tashi a majalisarsu ya ba da haƙuri, bayan shekara 100, bayan duk wanda za a ba haƙurin ya mutu.

Wancan Bature ne, ya tafi tun 1960. Abin da ke ci mana rai shi ne namu sun gaji halin. Ran 18 ga Nuwamba 2018 aka afka wa bataliya ta 157 a Metele, aka kashe kwamandanta Laftanar-Kanar Ibrahim Sakaba. Aka yi kwanaki ba a ce uffan ba. Da aka buɗe baki aka ce soja 23 suka mutu, alhali kuwa labaran da suka fito daga waɗanda suka tsira sun ba da adadin da ya ninka wannan. Jama'a, ko mai awaki in ya shigo da su da magariba ya kan ƙidaya. Ƙasar da ta san adadin ko wace rumfa a kasuwar nan ran karɓar haraji, yaya za a yi ta rikice a lissafin 'ya'yanta da ta aika su mutu?

Sai kuma abin da ke biyo bayan gawa, wanda iyayenmu mata suka fi mu sani. Yarinya tana cikin takaba, wata 4 da kwana 10 ba su cika ba, an fara yi mata maganar takardu. Kawo takardar aure, kawo takardar haihuwar yara, kawo shaidar kai ne magajin da mamaci ya rubuta. Tsohon da bai taɓa wuce Kano ba sai ga shi a tashar Abuja da leda cike da takardu, ba ya jin Turanci, a ce masa ya komo wata mai zuwa. Ya sayar da buhun masara ya komo, a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ɗakin bariki kuma ba na gado ba ne, wata rana sai an tashi. Kuɗin nan fa ba sadaka ba ne. Akwai garatuti, akwai inshorar rai, akwai tsarin biya wa marayun soja kuɗin makaranta, duk a rubuce su ke. Hakki ne da aka saya da jini, amma sai an bi shi kamar bara.

Kada kuma wani ya ce muku Gwamnati ba ta iyawa. Ta iya, mun gani. Ran 14 ga Maris 2024 aka kashe soja 17 a Okuama ta Jihar Delta, hafsa 4 da ƙananan soja 13. Ran 27 ga wata Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya tafi maƙabarta da kansa, aka karanta sunan ko wannensu, aka ba su lambobin girma, aka yi wa iyalin ko wanne alkawarin gida da karatun 'ya'ya, aka ba da umurni a biya hakkinsu cikin kwana 90. Madalla, mun yaba, ko da ya ke ba jam'iyyarmu ce ta yi ba. Amma in an iya yi wa 17, me ya hana a yi wa wanda ya faɗi shi kaɗai a dajin Zamfara ko na Birnin Gwari, ranar da ba mai ɗaukar hoto? Abin da aka yi a Okuama kyautar Shugaba ce, kyauta kuwa sai ran da mai ita ya ga dama. Mu so mu ke a mai da shi doka, kwana 90 ɗin nan su zama na kowa, daga Janar har farabiti. Kuma duk sojan da ya mutu a bakin aiki a buga sunansa da garinsu a fili, a aiko wa ƙaramar hukumarsu, a karanta a masallaci da coci. Kuɗin makami kuma a riƙa kawo lissafinsa gaban majalisa, domin kuɗin harajinku ne, ba asirin gidan kowa ba.

Mun san abin da waɗansunku ke faɗa a zuci. Kuna cewa, mu da masu kaki su ke tsare wa motar kaya a hanya sai mun ba da na goro, yau mu za a ce mu yi musu kuka? Gaskiyarku, ana yi, kuma ba za mu daina faɗa ba, a wannan jarida da ko ina. Sojan da ya ci zalin talaka a hukunta shi. Amma wanda ya karɓe maka naira 200 a shinge dabam, wanda ya tsaya a Malam Fatori da dare har aka kashe shi dabam, ko da kakinsu ɗaya ne. Laifin wani ba ya cin hakkin wani, haka shari'a ta ce, haka kuma ku ke yi a kasuwa.

Za su ce 'yan hamayya suna siyasa da gawa. Su faɗa. Wanda ya ci kuɗin harsashi shi ya fara.

Yanzu ga abin da reshen nan zai yi, ba sai mun jira kowa ba. Mun buɗe littafi a ofis. Duk gidan da ya rasa ɗa a soja, a ƙasar Karaye ko ta Rogo, ko a Bama ne, ko a yaƙin basasa, ko Laberiya, ko Barno, ko dajin yamma, a zo a faɗa mana sunansa da sunan ubansa da unguwarsu da shekarar da ya rasu. In akwai tsohuwar lamba ko takardar sallama a ƙasan adaka, a kawo mu gani, mu rubuta, mu mayar wa mai ita a hannu. Ba mu tambayar katin jam'iyya. Wanda kuma hakkin ɗansa ko na mijinta ya maƙale, ya zo da takardun, akwai malamai biyu da za su zauna ko wace ranar kasuwa su rubuta masa wasiƙa kyauta, mu kuma mu kai wa wakilanmu na majalisa, mu riƙa buga kwanakin da ta yi ba amsa. Shugabar mata za ta bi gidajen da masu takaba ba su iya fitowa. 'Yan kasuwa, asusun marayu yana wurin ma'aji, mai mudu ya ba da mudu, mai naira ya ba da naira, za a karanta lissafi a bainar jama'a ƙarshen ko wane wata. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, a wannan fili za a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, ba za a tsallake ko ɗaya ba, ko da za mu kai magariba.

Malam Liman, bisimilla, a yi wa Muhammadu Abu Ali addu'a, da mutum 6 da aka binne tare da shi, da namu na Karaye da Rogo. 'Yan'uwanmu Kirista da ke nan su yi tasu.